Yadda Ake Sharhin Gajeren Labari

1. Karanta labarin a zama ɗaya, ba biro a hannunka.

2. Washegari ka sake karantawa, kana ja layi ƙarƙashin duk abin da ya tsaya maka a rai. Nan aikin yake. Jimlar farko ta kama ka, ko haƙuri ka yi? A ina labarin ya juya? Hirar taurarin ta yi kama da maganar mutane, ko marubucin ne ke wa'azi da bakinsu?

3. Taƙaita labarin cikin jimla biyu. Kada ka tona ƙarshensa, cin amanar mai karatu ne.

4. Faɗi ra'ayinka, ka kawo hujja daga cikin labarin. "Ya yi daɗi" kaɗai ba sharhi ba ne.

5. Bar rubutun ya kwana kafin ka fitar.