Yadda za ka koya wa yaran Jos labarin jirgin da ya nutse

Ɗalibaina ba su taɓa ganin teku ba, iyakarsu dam ɗin Lamingo. Don haka, Malam, kada ka fara da allo. Nemo baho, tara yashi a gefe guda, zuba ruwa, ka ɗora gwangwanin kifi.

Gwangwanin nan shi ne Faithful Steward, jirgin da ya taso daga birnin Landandari na tsibirin Ailan a 1785 da fasinja 249, da yawansu 'yan Ailan masu tushen Sikotilan, za su birnin Filadelfiya na Amurka. Tura shi ya kafe a yashi, sannan ka kaɗa ruwan da ƙarfi. Haka ya faru a gaɓar jihar Delawaya ta Amurka: ga tudu kusa, igiyar ruwa ta wargaza jirgin. Mutum 68 suka tsira.

In yaranka 40 ne, tsayar da 11 a matsayin waɗanda suka tsira, sauran su zauna. Ajina tsit ya yi, har da masu surutun baya.