Yadda Marubuci Zai Shirya Kansa a Intanet Kafin Ƙaddamar da Littafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Marubuta da yawa sai littafi ya fito sannan su fara tunanin inda za su tallata shi, su watsa hoton bango a ko'ina na kwana uku, 'yan'uwa da abokai su yi ta Allah sanya alheri, daga nan sai tsit. Sau da yawa laifin ba na littafin ba ne. Abin da ya faru shi ne marubucin bai tanadi mutanen da zai iya yi wa magana kai tsaye ba, kuma bai tanadi wuri guda da mai son saye zai je ya saya ba tare da wahala ba. Waɗannan biyun su ne ƙashin bayan aikin, sauran duk ado ne.

Ka fara da tsayar da ranar ƙaddamarwa, sannan ka riƙa ƙirgawa baya. Wata shida ya isa. In ba ka da su, wata uku ma zai yi, amma za ka yi aikin ne a matse. Sharaɗi ɗaya: kada ka sanar da rana sai edita ya gama gyara kuma bango ya kammala. Ɗage rana sau ɗaya ana yi wa uzuri, sau biyu kuwa mutane sun daina ɗaukar maganarka.

Wata shida kafin ranar: suna, hoto da gida

Zaɓi suna ɗaya, wanda zai hau bangon littafin, ka yi amfani da shi harafi da harafi a duk inda kake. In a bango akwai sunan tsakiya, a Facebook babu, a Instagram kuma laƙabi ne da lambobi, wanda ya ji labarinka a bakin wani zai nema ya rasa. Hoto ma guda ɗaya, fuska a fili, haske daga gaba. Sai ka rubuta taƙaitaccen tarihinka iri biyu: gajere mai kalma 50 na kafafen sada zumunta, da mai kalma 150 zuwa 200 na 'yan jarida da shagunan littafi. Rubuta shi kamar wani ne ke ba da labarinka, domin haka masu gabatarwa za su kwafe shi su karanta.

Daga nan sai gida. Shafinka na Facebook ko TikTok gidan haya ne: mai gida zai iya sauya doka, ya rage yawan masu ganin abin da ka saka, ko ya rufe asusun rana tsaka. Don haka ka yi rajistar adireshin intanet da sunanka, ba da sunan littafin ba, saboda littafi na biyu zai zo. Adireshin ya zama gajere, wanda in an faɗe shi da baki za a iya rubutawa, ba alamar tsaga, ba lambobi. Yawanci shekara-shekara ake sabunta shi, kuma in ka manta ya kuɓuce wani zai iya ɗauka, to ka kunna sabuntawa ta kai da kai.

Shafin ba ya buƙatar girma. Hoton bango, bayanin littafi, maɓallin saye, wurin da mai karatu zai bar imel ɗinsa, tarihinka, da hanyar tuntuɓa. Gwada shi a waya mai ƙaramin allo da intanet mai rauni. Abin da ya fi kashe irin waɗannan shafuka shi ne a ɗora hoton bango na maɗaba'a mai nauyin megabait da yawa, shafi ya yi ta juyawa, mai ziyara ya gaji ya fita. Rage nauyin hoton zuwa kilobait 200 ko ƙasa da haka. Kuma tun yanzu ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da dukkan asusunka. Sace asusu a makon ƙaddamarwa asara ce da ba ta da gyara cikin lokaci.

Jerin masu karatu

Nan ne ya kamata ka fi ba da lokacinka. Mabiya dubu goma ba masu saye dubu goma ba ne, kuma manhajar ce ke zaɓar wa za ta nuna wa abin da ka rubuta. Amma wanda ya ba ka imel ko lambar wayarsa da hannunsa ya ce a sanar da shi, saƙonka zai isa gare shi ba sai wani ya yi maka iso ba.

Mutane ba sa ba da imel haka kawai, sai da dalili. Ka ba su babi na farko kyauta, ko gajeren labari da bai shiga littafin ba, ko, in littafin na ilimi ne, shafi biyu na abin da za su iya aiki da shi yau. Yi amfani da manhajar aika wasiƙu irin su MailerLite, Mailchimp ko Substack. Kada ka zuba adireshi ɗari a imel ɗinka na yau da kullum ka aika gaba ɗaya: ko ka tona adireshin kowa ga kowa, ko saƙon ya faɗa akwatin tarkace. In da adireshinka na kanka kake aikawa, ka saita abubuwa ukun nan da ke tabbatar da cewa kai ne mai saƙon, wato SPF, DKIM da DMARC. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara doka kan haka, kuma manhajar da ka zaɓa za ta nuna maka layukan da za ka kwafa.

Kada ka sayi jerin adireshi, kada kuma ka saka wanda bai nema ba. Ban da cewa dokokin kare bayanai irin GDPR ta Tarayyar Turai sun shardanta amincewar mutum, waɗanda ba su san ka ba za su danna cewa saƙonka tarkace ne, daga nan har masoyanka su daina ganin wasiƙunka.

In masu karatunka sun fi zama a WhatsApp, ka san iyakokinsa. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda yana ɗaukar 256 ne kawai, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka a wayarsa. Wannan ne ya sa wasu ke aikawa su ji shiru su ɗauka an yi biris da su, alhali saƙon bai je ba. Tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, ta fi dacewa da sanarwa. Zauren hira kuwa yana da daɗi a makon farko, amma yana buƙatar mai tsaro, in ba haka ba ya koma wurin turo abin da bai shafi littafi ba.

Rubuta wa jerin nan sau biyu a wata. Ba talla ba: yadda wani hali a littafin ya samo asali, shafin da ka cire da dalilin cirewa, bango biyu a zaɓa maka ɗaya.

Game da kafafen sada zumunta, taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ɗauki ɗaya inda masu karanta irin littafinka suke, ka ƙara ta biyu in kana da ƙarfi. Sauran ka kama sunanka a can, ka bar mahaɗin shafinka, ka wuce.

Wata uku kafin ranar: bango, bayani da shago

Yawancin mutane za su fara ganin bangon ne a matsayin ɗan hoto kamar kan babban yatsa. Rage shi zuwa wannan girman a wayarka, ka miƙa wa wani, ka ce ya karanta suna. In ya matso da wayar kusa da ido, haruffan sun yi ƙanana ko launin ya haɗiye su. Ga littafin Kindle, wato na karantawa a waya ko na'ura, Amazon na ba da shawarar tsawon fiksel 2,560 da faɗin 1,600. Na bugawa a takarda kuwa ya zama DPI 300, wato ɗigo 300 a kowane inci. In littafin da Hausa ne, duba haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ɗaya bayan ɗaya. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga akwatin banza a tsakiyar suna, ko harafin ya fito da wani salo dabam kamar baƙo a gidan biki. Ka kuma duba ko shagon da za ka sayar a ciki yana karɓar harshen littafinka, tun kafin ka gina shiri a kansa.

Bayanin littafi ba taƙaita labari ba ne. Kalma 150 zuwa 200: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya, me zai rasa. Ka tsaya kafin warwara. Layi biyun farko su ne ake gani kafin a danna ci gaba, to kada ka ɓata su da godiya ko tarihin yadda ka sha wahala.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, tana da lambobi 13 tun 2007, kuma kowane nau'i yana da tasa: mai bangon takarda dabam, mai kauri dabam. KDP, wato sashen Amazon da marubuta ke wallafa littattafansu da kansu, yana bayar da ita kyauta, amma a wurinsu kaɗai take aiki. In kana son rarraba bugun ta IngramSpark ko wata maɗaba'a, nemi taka daga hukumar ISBN ta ƙasarka. A KDP za a ba ka gurabe bakwai na kalmomin bincike da rukuni uku. Cika guraben da abin da mai karatu zai rubuta in yana nema, ba maimaita sunan littafi ba.

Ka yi tunani kafin ka shiga KDP Select. Yana saka littafin a Kindle Unlimited, inda masu biyan kuɗin wata-wata ke karanta littattafai, yana ba ka kwana biyar na rabawa kyauta, amma tsawon kwana 90 ba ka da ikon sayar da na karantawa a waya a ko'ina, har da shafinka. In yawancin masu karatunka ba ta Amazon suke saye ba, ka ɗaure kanka ne a banza. Draft2Digital na kai littafi shaguna da dama irin su Apple Books da Kobo, kuma Books2Read ɗinsu na ba ka mahaɗi ɗaya da ke tattara shagunan duka.

Buɗe oda tun kafin fitowa yana da amfani, domin duk mai sha'awa yana da abin dannawa nan take. Amma a KDP dole cikakken fayil ya shiga awa 72 kafin ranar. In ka saɓa, za a soke odar mutane, a hana ka wannan damar shekara guda.

Mako shida kafin ranar: masu sharhi

Shafin littafi marar sharhi ko ɗaya yana sa mai saye ya ja baya. Nemi mutum 20 zuwa 30 masu karanta irin wannan littafin, ka ba su kwafi tun da wuri, ka roƙe su su rubuta ra'ayinsu na gaskiya a makon fitowa. Kada ka sa rai dukkansu za su rubuta, shi ya sa ake neman fiye da buƙata. Tunatarwa ɗaya mako guda kafin ranar, ɗaya kuma ranar, ta wadatar.

Dokar Amazon ta hana biyan kuɗi don sharhi, ta hana sharhin dangi na kusa, ta hana ka yi mini in yi maka tsakanin marubuta. Suna goge irin waɗannan, wani lokaci har asusu ya tafi. Sannan ba kowa ke iya sharhi a can ba sai wanda ya kashe wani adadin kuɗi a shagon cikin wata 12, don haka ka nuna wa sauran Goodreads, shafin da masu karatu ke rubuta sharhin littattafai. Ka kama shafinka na marubuci a Goodreads da Author Central na Amazon tun yanzu.

Kwafin da ka raba shi ne ƙofar da satar fasaha ta fi shigowa. Fayil ɗin PDF in ya fita hannunka, da an tura shi sau biyu ya zagaya duniya. Saka sunan mai karɓa a ƙasan kowane shafi, ko ka yi amfani da BookFunnel da ke yi wa kowane kwafi alama. Ba ya hana sata gaba ɗaya, amma mutum ba ya son a ga sunansa a kan kayan sata.

A wannan lokacin kuma ka tuntuɓi masu shirye-shiryen rediyo, masu tattaunawa a intanet da masu bitar littattafai. Saƙo gajere, da sunan mutum, da dalilin da ya sa littafin ya dace da masu sauraronsa, da mahaɗin jaka guda mai ɗauke da bango, hotonka, tarihi da babi ɗaya.

Makon ƙaddamarwa

Shirya komai tun mako biyu kafin nan: hotuna biyar ko shida masu ɗauke da jimla daga littafin, bidiyo biyu na ƙasa da minti ɗaya kana karanta sakin layi, da wasiƙu uku. Ta farko kwana uku kafin ranar, ta biyu safiyar ranar, ta uku bayan kwana huɗu ga waɗanda suka ce sai anjima suka manta. A kowace, mahaɗi ɗaya da buƙata ɗaya. Saƙon da ya ce a saya, a yi sharhi, a bi shafi, a tura wa wasu, ba a yin ko ɗaya.

KDP na iya ɗaukar awa 72 kafin littafi ya bayyana, to ɗora na takarda da wuri, ka kuma nemi kwafin gwaji ka riƙe a hannu. Daren jajibiri ka sayi littafinka da kanka daga wayar wani, tun daga danna mahaɗi har biyan kuɗi da buɗe fayil. Nan ake gano mahaɗin da ya mutu, ko hanyar biya da ba ta karɓar katin wasu ƙasashe. In kai ke sayarwa kai tsaye, rubuta matakan biya da karɓa a saƙo ɗaya da za ka riƙa turawa, domin ranar ba za ka iya amsa kowa ɗaya-ɗaya ba.

Tallar kuɗi a Facebook ko Amazon ka jinkirta ta har sai an sami sharhi kamar goma. Fara da kaɗan, hoto biyu, kwana bakwai, ka lissafa abin da ka kashe da ribar kowane kwafi. In ana dannawa ba a saye, matsalar tana bango, bayani ko farashi, ƙarin kuɗi ba zai gyara ta ba. In ba a dannawa ma, hoton tallar ne ko mutanen da ka zaɓa.

Sharhi marar daɗi zai zo. Kada ka amsa, kada ka tura mabiyanka su amsa. Ka buɗe shafin ƙarshe na littafin ka tabbatar akwai layi biyu a wurin: roƙon sharhi, da adireshin da mai karatu zai bar imel ɗinsa don a sanar da shi littafi na gaba.