Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Saita Group Policy a Windows

Yawancin ƙorafin da ake yi kan Group Policy, wato tsarin tura ƙa'idoji daga wuri ɗaya zuwa kwamfutocin Windows da masu amfani da su, iri ɗaya ne: an saita ƙa'ida, an jira, shiru. Sau da yawa saitin daidai yake, ƙa'idar ce ba ta isa inda aka aika ta ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rikita ɓangaren kwamfuta da na mai amfani. Kowace GPO (Group Policy Object, wato ƙunshin ƙa'idojin da ake turawa) gida biyu ce. Computer Configuration yana bin na'ura ne, ko wa ya zauna gabanta, kuma yawancin saitinsa yana sauka a rajista ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE\Policies. User Configuration kuwa mutum yake bi duk kwamfutar da ya shiga, wurinsa HKCU. To idan ka saita abu a ɓangaren mai amfani, sannan ka liƙa GPO ɗin a OU ɗin da kwamfutoci kaɗai ke ciki (OU, wato Organizational Unit, sashe ne da ake tara kwamfutoci ko ma'aikata a ciki), babu abin da zai faru, kuma Windows ba za ta ce maka uffan ba. Ko dai ka mayar da ita OU ɗin ma'aikata, ko kuma, in so kake ta hau kan duk wanda ya shiga waɗannan kwamfutocin, kamar na ɗakin karatu, ka kunna loopback processing. Loopback yanayi biyu gare shi: Merge yana haɗa ƙa'idojin mutumin da waɗanda aka liƙa wa na'urar, Replace kuwa yana watsar da na mutumin gaba ɗaya. A kula da Replace, don shi ke sa ma'aikaci ya nemi firinta da manyan fayilolinsa ya rasa.

Sabuwar kwamfutar da aka shigar cikin domain, wato tarin kwamfutoci da asusun da ake sarrafawa daga wuri ɗaya, tana faɗawa ne cikin Computers, wanda ba OU ba ne, don haka ba a iya liƙa masa GPO. A kwashe ta zuwa OU, ko a canza wurin saukar da umarnin redircmp.

Sai batun Security Filtering, wato zaɓen waɗanda ƙa'ida za ta hau kansu, wanda har gwanaye yana kayarwa. Mutum zai cire Authenticated Users ya sa rukunin da yake so, sai ƙa'idar ta daina aiki ga kowa. Dalili shi ne tun sabuntawar MS16-072 ta watan Yunin 2016, kwamfuta ce ke ɗauko ƙa'idar mai amfani da nata izinin, ba da na mutumin ba. A shiga shafin Delegation a ba Domain Computers ko Authenticated Users izinin Read kawai, ban da Apply group policy.

Jerin aiwatarwa shi ma ana mance shi: ta cikin kwamfuta da fari, sai ta site, sai ta domain, sannan ta OU daga na sama zuwa na ƙasa. Wadda ta zo ƙarshe ita ke rinjaye. Sa wa GPO alamar Enforced yana juya wannan, har Block Inheritance, mai hana ƙa'idojin sama saukowa, yana tsallakewa. A ganina duk inda Enforced ya yi yawa, tsarin OU ɗin ne ke neman gyara. Default Domain Policy kuma a bar mata kalmar sirri da kulle asusu, sauran a buɗe musu sabuwar GPO.

Gaggawa ma tana da nata. Kwamfuta tana duba sabuwar ƙa'ida duk minti 90, da ƙarin da bai wuce minti 30 ba. Umarnin gpupdate /force yana rage jiran, amma girka manhaja a ɓangaren kwamfuta sai an sake kunna ta, Folder Redirection kuma sai an fita an sake shiga. Kafin ka taɓa komai, buga gpresult /r, ko gpresult /h rahoto.html, a tagar da aka buɗe da izinin admin, in ba haka ba ɓangaren kwamfuta ba zai fito ba. Rahoton zai nuna GPO ɗin da ta hau, da wadda aka hana da dalilin hanawa.

Not Configured ba Disabled ba ne: na farko yana barin ƙa'idar da ta zo daga sama ta ci gaba, na biyu umarni ne mai zaman kansa. A kuma karanta sunan saiti a tsanake, domin kunna wanda ya fara da "Turn off" kashe abin ne. Abin da aka tura ta Preferences kuma ba ya gogewa don an cire GPO, sai in tun farko an zaɓi "Remove this item when it is no longer applied".

Manhajoji irin su Chrome, Edge da Firefox suna zuwa da nasu fayilolin ADMX, waɗanda ke ƙara saitinsu cikin editan Group Policy. Ana sa su a C:\Windows\PolicyDefinitions, amma in akwai Central Store, wato ma'ajiyar bai ɗaya da ke cikin babban fayil ɗin domain mai suna SYSVOL, can kaɗai editan ke dubawa. Kada a manta fayilolin ADML da ke shiga babban fayil na harshe, kamar en-US, in babu su editan zai yi ta nuna kuskure. Bayan an tura, a buɗe chrome://policy, edge://policy ko about:policies a kan kwamfutar mai amfani a tabbatar saitin ya bayyana ba tare da alamar kuskure ba.