Yadda ake lissafin fuli da bel kafin a ƙera injin niƙa mai guduma

A shagunan walda na Katsina, inda sabon hannu ya fi faɗuwa shi ne wajen fuli, wato ƙarfen da'ira mai kwari da bel ke hawa. Zai yanke faranti tsaf, ya yi walda mai kyau, sannan ya shiga kasuwa ya ɗauko duk fulin da ya tarar. Sai injin ya yi ta ƙugi, masara na fitowa tsaki-tsaki, bel kuma na warin ƙuna tun kafin la'asar.

Fara da karanta farantin da ke jikin moton lantarkin da zai ja injin. Wutarmu mai 50 Hz ce, don haka moto na yau da kullum yana juyawa kusan sau 1,450 a minti. Idan na hannu ne ka ga an rubuta 60 Hz da 1,750, kada ka yi lissafi da wannan lamba, a nan 1,450 ɗin zai ba ka.

Ƙaramin injin guduma yana son shaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ke ɗauke da gudumomi, ya yi juyi wajen 2,900 a minti. Ƙa'idar ɗaya ce: faɗin fulin moto sau gudunsa daidai yake da faɗin fulin shaf sau gudunsa. Wato in ka sa milimita 250 a moto, na shaf ya zama 125. Wasu kan ce ai 150 da 75 ma ninki biyu ne, ga araha. Lissafin ya fita, amma bel mai lamba B ba ya jure lanƙwasa a fulin da bai kai 125 ba. Zai yi zafi, ya tsattsage ta ciki, kuɗin da aka rage a fuli su tafi a sayen bel. Ni dai ba na yarda da bel ɗaya a moto mai doki goma, a sa biyu, kuma a saye su tare.

Tazarar tsakiyar shaf biyu ta zama milimita 500. Tsawon bel: ninka tazarar biyu, ƙara jimlar faɗin fulin biyu sau 1.57, zai kai wajen 1,600. Ramukan notin moto a yi su dogaye don a samu wurin ja.

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin biyu, dole ya taɓa gefe huɗu. Danna bel a tsakiya da babban yatsa, ya nutse kamar milimita 8. In ya fi haka ɗaurewa, boris ne zai ci wuya.

Shaf mai milimita 30 yana tafiya da boris UCP 206 da ki, wato ɗan ƙarfen da ke kulle fuli a jikin shaf, mai milimita 8 da 7. Auna gudumomin a sikeli, masu nauyi ɗaya su fuskanci juna. Rufe bel da murfin raga saboda babbar riga da hannun yara. Bayan niƙan kwana ɗaya a sake jan bel, sabo yakan saki.