Yadda ake koya wa ƙaramin yaro ɗinkin hannu a gida

Yaro ɗan shekara 4 ko 5, mace ko namiji, zai iya fara koyon ɗinki, amma ba da allura mai tsini zai fara ba, ba kuma da yadi ba. Ɗinki yana neman abubuwa uku a lokaci guda: yatsu su riƙe ɗan siririn abu kada ya suɓuce, ido ya bi inda bakinsa zai shiga, ɗaya hannun kuma ya tsayar da aikin kada ya motsa. Babba yana haɗa ukun bai ma san yana yi ba. Shi kuwa yaro sai ɗaya bayan ɗaya. Don haka tsarin da za ku bi ya fi kayan da za ku tanada muhimmanci, kuma yawancin kayan suna nan cikin gida.

Mataki na farko: kwali da igiyar takalmi

Ku samu kwali mai ɗan kauri, ku yanka shi siffar kifi ko mota ko tauraro, duk wadda yaron ya zaɓa. Ku huda ramuka a gefensa, tsakanin kowane rami da na kusa da shi kamar santimita 2. Igiyar takalmi ita ce allurarsa, ita ce kuma zarensa, tunda bakinta yana da tauri kuma ba ya soki. Idan zaren saƙa za ku ba shi, ku naɗe bakin da salatif. Ku ɗaure ɗaya ƙarshen a ramin farko, sannan ku nuna masa: ta ƙasa a fito, ta sama a nutse. Ku riƙa faɗa da baki yana yi, "fito, nutse, fito, nutse", don kunne yana taimakon hannu sosai a wannan shekarun.

Kusan kowane yaro zai riƙa zagayo da igiyar ta gefen kwalin maimakon ya nutsa ta ramin gaba. Ku ƙyale shi. Wannan ma wani irin ɗinki ne, da shi ake kama bakin yadi biyu, kuma zai buƙace shi nan gaba.

Mataki na biyu: allura marar tsini

Idan ya iya zagaye kwalin ba tare da tsallake rami ba, sai a koma kan yadi. A nan ake buƙatar allurar roba, ko ta ƙarfe mai dakusasshen baki da faffaɗar kafa. Yadin kuma ya zama mai sarari a saƙarsa, wanda idan kun ɗaga shi sama kuna hango haske ta cikinsa, domin allura marar tsini ba ta huda yadi, tsakanin zaruruwa take ratsawa. Ku guji yadi mai santsi da mai talewa. Idan kuna da zoben katakon nan da ake ɗame yadi a ciki don yin ado, ku yi amfani da shi, zai ɗauke wa hannun hagu rabin aikinsa.

Batun zare wuri ne da iyaye suke yawan kuskure. Ana yanko zare dogo don kada a yi ta zurawa, alhali hannun yaro gajere ne, ba zai iya janye shi da ja ɗaya ba. Sai ya ja rabi, saura ya harɗe a bayan yadin, shi kuma bai gani ba har sai aikin ya cije. Tsawon da ya dace shi ne daga kan yatsa zuwa gwiwar hannun babba, wajen santimita 45. Ku yanko ninkin wannan, ku zura a allura, ku haɗa bakin biyu ku ƙulle su tare. Ta haka allura ba za ta zare ba komai ƙarfin jansa. Launin zaren ya saɓa da na yadin, ja a kan fari misali, don ya ga abin da hannunsa ya yi.

Ku ɗiga masa ɗigo a kan layi da alli ko biro, tazarar santimita 1. Ya fito ta wannan ɗigo, ya nutse ta na gaba. Fitowar ce mai wuya, saboda bakin allura yana ƙasa inda ido ba ya gani. Ku bar shi ya juya yadin ya leƙa duk lokacin da ya so. Lalube da yatsa zai zo daga baya.

Wurin zama ma yana da tasiri. Ku zauna gefensa, kafaɗa da kafaɗa, don ya ga hannunku ta fuskar da yake ganin nasa. Idan bahago ne ku kuma da dama kuke aiki, ku zauna kuna fuskantarsa ya kwaikwaye ku kamar madubi. Kada ku tilasta masa sauya hannu.

Zura zare da ƙulli ku riƙa yi masa da kanku a farko. Su ne mafi wahala, ba kuma su da daɗi. Idan lokacinsu ya yi, ku yanke bakin zaren a karkace da almakashi mai kaifi, ya riƙe shi kusa da baki sosai, ya ɗaga allurar a gaban farar takarda don kafar ta fito fili. Zare mai kauri kuma, ku ninke 'yar siririyar takarda a kan bakinsa, takardar ta shige kafar ta ja shi.

Mataki na uku: allura ta gaske da dokokinta

Yawanci wajen shekara 6 zuwa 7 ake kaiwa nan, amma hannun yaro da natsuwarsa za ku duba, ba shekarunsa ba. Kafin ku miƙa masa ita, a yi yarjejeniya. Allura ɗaya tak ake fitowa da ita. A zaune ake ɗinki, wanda zai tashi sai ya soke ta a mazauninta, ko da guntun soso ne. Ba a sa ta a baki, kuma wannan dokar ta fi shafar ku manya, domin idan ya gan ku kun cije allura kuna neman almakashi, gobe shi ma zai yi. Idan ta faɗi, kowa ya tsaya har a same ta. Maganaɗisu yana saurin gano ta. Shi kansa maganaɗisun da maɓallai ku nisanta su daga ƙannensa masu rarrafe, haɗiye su hatsari ne babba.

Zai soki yatsa, babu makawa. A wanke da ruwa da sabulu, a danne wurin, a ci gaba idan yana so. Idan kuwa allura ta karye a cikin jiki ko an haɗiye ta, asibiti za a nufa nan take, kada a tsaya tono a gida.

Mataki na huɗu: abin da zai riƙe ya ce nasa ne

Ɗinke layi a kan ƙyalle ba ya daɗewa yake gundurar yaro. Ku ba shi abin da zai gama cikin zama biyu ko uku. 'Yar jaka ta fi komai sauƙi: yadin auduga mai faɗin santimita 10 da tsawon 20, a ninke biyu fuskar tana ciki, a kama gefe da abin maƙale shanya maimakon fil, a ja layi santimita 1 daga baki. Ya ɗinke gefe biyu, ya rufe ɗinkin da soki uku a wuri ɗaya, sannan ku bar shi ya juyo jakar da kansa. Wannan juyowar, da ɗinkin ya ɓuya a ciki, ita ce ladan aikin, kada ku riga shi.

Daga nan sai maɓalli. Babba mai rami biyu za a fara da shi. Ku sa tsinken ashana tsakanin maɓallin da yadin, ya shiga ya fita sau biyar ko shida, a zare tsinken, a naɗa zaren a ƙarƙashin maɓallin, a ƙulle ta baya. Tsinken ne yake barin sararin da maɓalli zai shiga raminsa na jikin riga ba tare da ya matse ba.

Idan aikin ya lalace

A ganina nan ne koyarwar take tsayawa ko ta rushe. Ɗinkinsa zai karkace, wani soki dogo wani gajere, hannunku kuma zai yi ta ƙaiƙayin karɓa ya gyara. Ku daure. Yaron da aka warware masa ɗinki a gabansa, ko ya wayi gari ya tarar an sake shi da kyau, ya fahimci cewa nasa bai isa ba, kuma da wuya ya sake nema. Karkata ba matsala ba ce, maimaitawa ce take miƙar da ita.

Abin da za ku sa wa hannu shi ne wanda ya hana aikin tafiya. Idan zare ya fara murɗewa, ya ɗaga yadin ya saki allurar ta yi lilo, zai warware da kansa. Idan ya harɗe ya ƙi kwancewa, a yanke, a ƙulle ta baya, a ɗora da sabo. Idan yadin ya tattare, jan ya yi yawa: ya shimfiɗa shi ya shafa da yatsa bayan kowane soki uku.

Minti 10 zuwa 15 sun isa zama ɗaya, da rana inda akwai haske. Da kun ga ya fara fizgar zare ko murza ido, ku tattara kaya tun bai ƙosa ba.

Sai yaushe keken ɗinki?

Sai ɗinkin hannunsa ya bi layi, ya iya zura zare da ƙulli da kansa, kuma idan an ce tsaya yana tsayawa. Ko a lokacin, ku cire zaren, ku ba shi takarda mai layi ya bi da allurar keken kuna juya masa da hannu, yatsunsa nesa da allura. Ramukan da suka fito a takardar za su nuna muku ko ya isa a ba shi yadi.