Ciyar da yaro mai PKU idan ya fara shan Kuvan

Ƴar'uwa, ɗana na da PKU, ciwon gado da ke hana jiki sarrafa fenilalanin (wani sinadari da ke cikin abinci mai furotin), a nan Damagaram nake rainonsa. Idan lokotoro ya rubuta wa naki yaron maganin Kuvan, ki narkar da ƙwayar cikin ruwa, ki ba shi tare da abinci. Yana taimaka wa hanta ta juya fenilalanin ya zama tirosin, wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke haɗa dofamin da shi, wato sinadarin isar da saƙo cikin ƙwaƙwalwa. In fenilalanin ya taru a jini, yana tare wa tirosin hanyar shiga ƙwaƙwalwa.

Ba kowane yaro maganin ke karɓa ba, gwajin jini ne zai nuna. Don Allah kada ki sakar masa kilishi, nono, ƙwai da ƙuli-ƙuli, don suna da fenilalanin da yawa. Kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, gwargwadon awon lokotoro. Lemo mai asfatem (abin zaƙi da ake sawa maimakon sukari) kuwa, ki guje shi, don shi ma yana da fenilalanin.