Yadda za ka gane haruffa da alamomin Viking kafin ka sayi zobe ko sarƙa

Kayan ado masu zanen mutanen Viking, tsoffin matuƙan jiragen ruwa na arewacin Turai, sun fara bayyana a hannun matasan Yamai, wasu an sayo su ta intanet, wasu kuma maƙeran azurfa na Wadata ko na gidan tarihi na Bubu Hama ne suka ƙera su daga hoton da mai saye ya nuna musu a waya. Kafin mutum ya biya kuɗi ya kamata ya san cewa abin da ake sassaƙawa a kan waɗannan kaya iri uku ne, wato haruffan rubutu, da alamomin addinin gargajiya na mutanen arewacin Turai, da kuma zane-zanen da aka ƙirƙiro bayan zamanin Viking ya shuɗe aka jingina musu.

Ka fara da duba haruffan, waɗanda ake kira run. Jerinsu biyu ne ake yawan gani. Tsohon jeri yana da haruffa 24, an yi amfani da shi tun daga ƙarni na 2 har wajen ƙarni na 8, kuma ana ganinsa cikakke a kan dutsen Kylver na tsibirin Gotland a Suwidin, wanda aka sassaƙa wajen shekarar 400. Sabon jeri kuwa haruffa 16 kawai gare shi, kuma shi ne ainihin rubutun zamanin Viking, zamanin da ake ƙirgawa daga harin Lindisfarne a Ingila a 793 zuwa 1066. Dukansu ana ce musu futhark, daga sautin haruffa shida na farko. Yawancin zobban da ake tallatawa da sunan Viking tsohon jerin suke ɗauke da shi, domin ya fi cika ido, alhali masu jiragen ruwan nan sun riga sun bar shi. Idan ka ga ᚷ mai kama da gicciye a karkace, ko ᛞ, ko ᛟ, to tsohon jeri ne, tun da babu su a sabon.

Kowane harafi yana da sauti kuma yana da suna, daga sunan ne masu sayarwa suke ciro ma'anar da suke rubutawa a ƴar takardar da ke tare da kayan. Fehu ᚠ yana nufin shanu da dukiya, abin da ba zai ba makiyayin Tawa mamaki ba, Raido ᚱ yana nufin tafiya a kan abin hawa, Gebo kyauta, Wunjo farin ciki, Jera shekara da kakarta, Dagaz kuma yini. Akwai waɗanda ba su da daɗin ji, kamar Hagalaz, ƙanƙarar da ke faɗowa ta ɓata amfanin gona, da Naudiz, matsi da buƙata, da Kaun na sabon jeri wanda ke nufin gyambo. Sunayen tsohon jerin masana ne suka sake gina su daga waƙoƙin haruffa da aka rubuta daga baya a Ingila da Norwe da Aislan, saboda haka duk takardar da ta ce harafi kaza yana jawo arziki ko yana kare mai shi daga sharri, fassarar zamani ce. Ita ma ƙwayar da ba a zana mata kowane harafi ba, wadda ake sakawa cikin jerin ƙwayoyin run da ake sayarwa, a shekarun 1980 ta yaɗu.

Idan sunanka kake so a rubuta, a nan ne aikin yake buƙatar natsuwa. Sabon jeri ba shi da harafin d ko g ko p, haka ma e, sai a ari t da k da b da i a madadinsu, don haka Abdu zai fito kamar Abtu, Hadiza kuma kamar Hatisa. A tsohon jeri Hadiza tana rubutuwa daidai, sai dai harafin z a can, wato ᛉ, kamanninsa ɗaya da harafin m na sabon jeri, kuma in aka kifa shi ya zama wani harafi dabam. Haruffanmu masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ ba su da gurbi a ko wanne, dole a yi da b da d da k. Ka zaɓi jeri ɗaya ka tsaya a kansa, ka kai wa maƙeri zanen a takarda da manyan haruffa, ka sa alama a saman takardar don kada ya juya ta, sa'an nan ka roƙe shi ya fara zana su a jikin azurfar da alƙalami ka gani kafin ya sa kurfi. Maƙeran Abzinawa da suka saba da tifinag hannunsu yakan faɗa da wannan aiki, domin su ma run layuka ne miƙaƙƙu da aka tsara don sassaƙa a itace da dutse.

Daga nan sai alamomi. Gudumar Thor, abin bautarsu na tsawa, wadda ake kira Mjolnir, ita ce mafi ingancin tarihi, an tono ta da yawa a kaburbura da gonaki, kuma wadda aka samu a Kobelev ta ƙasar Danmak a 2014 tana ɗauke da rubutun run da ke cewa ita guduma ce. Amma a wajen masu ita alamar abin bauta ce, kuma wannan magana ce da Musulmi ko Kirista ya kamata ya auna, ya tambayi malaminsa in yana da shakka, kafin ya rataya ta a wuya. Haka hankaki biyu, Huginn da Muninn, tunani da tunawa, na Odin ne, babban abin bautarsu, harafin ᛏ kuma sunan Tyr, wani abin bautar, yake ɗauke da shi. Valknut, kusurwa-uku guda uku da suka sarƙe, yana kan duwatsun Gotland da cikin kayan jirgin ruwan Oseberg na ƙasar Norwe da aka binne a 834, sai dai sunan nasa sabo ne.

Vegvisir, mai rassa takwas da ake sayarwa a matsayin abin nuna wa Viking hanya, ya fito ne a wani rubutun hannu na Aislan mai suna Huld a 1860, kusan shekara 800 bayan zamanin. Zanen Aegishjalmur da ke kama da shi ma daga littattafan tsibbu na Aislan na ƙarnonin baya yake. A ganina babu laifi mutum ya so kyawun zanen, laifin yana ga mai sayarwa da ya ƙara kuɗi da sunan tsufa.

Wanda ke da niyyar zuwa Turai karatu ko fatauci ya guji harafin s guda biyu a jere masu kama da walƙiya, domin tambarin rundunar SS ta ƴan Nazi ne, kuma doka ta hana nuna shi a Jamus. Harafin ᛟ shi kaɗai ma masu wariyar launin fata sun ɓata masa suna.

Mai son salon ba tare da alamar bauta ba yana da mafita mai kyau a munduwa ko abin wuya na murɗaɗɗiyar azurfa, wanda yana cikin adon da Viking suka saba yi. Azurfar tasu ma mafi yawanta daga dirhamin ƙasashen Musulmi ta zo, kamar yadda taskar Spillings da aka gano a Gotland a 1999 ta nuna, mai nauyin kilo kusan 67 da tsabar kuɗi fiye da 14,000, kuma matafiyi Ibn Fadlan, da ya gamu da mutanen Rus, waɗanda ake dangantawa da Viking, a bakin kogin Volga a 922, ya ce matansu suna sa ƙawanyar wuya ɗaya a kan kowane dirhami 10,000 da mijin ya tara. In za ka sayi irin wannan, ka nemi hatimin 925, alamar azurfa mai inganci, a jikinta, ka sa a auna ta a gabanka, kuma ka ɗora mata maganaɗisu, domin azurfar gaske ba ta mannewa da shi.